Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Masu Kamfanoni Da Shugabannin Kasuwa 'Yan Arewa A Legas: A Nema Wa Yaranmu Kocin Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, sarakunanmu na Agege da Idi-Araba da sauran zangon Hausawa a Ikko, shugabannin kasuwar Mile 12 da ta Alaba Rago, Alhazai da Hajiyoyi masu tireloli da rumbuna da shagunan canji, da yayyenmu da Allah ya ɗaukaka a bankuna da kamfanoni. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa dukiyarku albarka.

A Agege aka haife ni. Cinikin goro ne ya kawo kakana garin nan, a bakin layin dogo ya kafa gida, a nan aka binne shi. Ni kuma na yi shekara goma sha tara ina cin abinci a harkar fiton kaya da sufuri a Apapa, yanzu ina riƙe da sashen kula da ma'aikata a inda nake aiki. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda maganar ta fi ƙarfin zaure ɗaya. Ta shafi mai tirela hamsin, ta shafi mai rumfar albasa da yara shida, ta shafi 'yarmu da ke zaune a bene na tara a Victoria Island tana aikin banki. Maganar kuwa ita ce: mun iya tara dukiya, amma hannunmu ya fara sanyi wajen rainon mutanen da za su riƙe ta. Akwai sana'a sukutum da aka gina don wannan rainon, ana kiran mai yin ta koci, kamar dai kocin ƙwallo, sai dai shi filinsa wurin aiki ne. Kamfanonin da muke gogayya da su a garin nan sun daɗe suna biyan kuɗi a kanta. Mu har yau ba mu sa ta a lissafi ba.

Ba baƙon abu nake kawo muku ba. Ku kuka fi ni sanin yadda ake tashin yaro a gidan maigida a da. Yaro yana cin tuwo a akushi ɗaya da ubangidansa, yana bin sa kasuwa, yana tsugune a gefe ana ciniki. In dare ya yi an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai maigida ya ce, “Mutumin nan da ya taya huhun goro ɗazu, me ka gani a fuskarsa?” Yaro ya faɗi. A ce, “To da kai ne, nawa za ka sallama?” Ya faɗi. Wata rana a tura shi shi kaɗai da ɗan kaya kaɗan, a bar shi ya yi kuskuren da ba zai karya gida ba, in ya dawo a zauna a warware. Bayan shekaru a yi masa aure, a ba shi jari, ya zama maigidan kansa. Da haka iyayenmu suka riƙe fataucin goro da na shanu tsakanin Kano da Kurmi, ba tare da takardar yarjejeniya ko lauya ba. Maƙwabtanmu Inyamurai suna da irin nasu, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Alaba ta kayan lantarki ya ga abin da ya haifar musu.

Abin da ya rage mana yau rabin wancan tsari ne, kuma rabin da ya fi sauƙi: umarni da faɗa. Hirar dare ta tafi. Maigida yana Lekki ko Ikeja, yaro yana Agege, gosulo ya cinye lokacin da ya kamata su zauna. Yaran gida biyar sun zama ma'aikata tamanin. Waya ta maye gurbin tabarma, kuma ba a yin tarbiyya a waya, sai dai “ka tura?”, “ya iso?”, “me ya sa ba ka kira ni ba?” Ba na ɗora wa kowa laifi, zamani ne ya juya. Amma in kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Bari in ba ku labarin kaina, don kada ku ce daga littafi na ɗebo.

A ƙarshen 2020 aka ɗaga ni, aka ba ni kula da gareji mai tireloli fiye da talatin, da direbobinsu da yaran mota da kanikawa. An ɗaga ni ne don na fi kowa iya takarda, ba kwantenar da ke maƙalewa a hannuna. Sai dai iya takarda daban, iya mutane daban. Na shiga aikin da abin da na saba gani: a ba da umarni, a bi shi da tsawa. Kafin asuba nake barin gida, sai bayan isha'i nake dawowa. Kowane rasit sai na gani, kowace litar dizal sai na sa hannu. Ana cikin haka, a watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙaddamar da Eto, tsarin kiran manyan motoci ta intanet, aiki ya sauya salo gaba ɗaya, ni kuma na ƙara ɗaure komai a ƙuguna. Cikin wata shida direbobi bakwai suka ajiye makulli. Dizal yana ɓacewa. Hawan jinina ya tashi, yarana suka fara shiga ɗaki in sun ji motsina.

Maimakon a sauke ni, sai aka haɗa ni da koci. Wata dattijuwa ce Bayarabiya da ta yi shekaru tana shugabancin ma'aikata a wata masana'anta a Ikeja kafin ta koma wannan sana'a. Awa ɗaya duk mako biyu, har wata shida. Na je da fushi, a zatona an kai ni a yi mini faɗa ne cikin ladabi. Zama uku na farko na ƙarar da su wajen zayyana laifin direbobi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma gaskata ni ba. A zama na huɗu ta tambaye ni, “Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, me ke tsayawa a garejin nan?” Na ce komai, kuma da alfahari na faɗa. Ta yi shiru har shirun ya fara damuna, sannan ta ce, “Wa ya tsara shi haka?” Ban iya amsawa ba. Kafin mu tashi ta ƙara ɗaya: “A cikin direbobinka wa ya fi ka sanin Apapa, kuma yaushe rabon da ka tambaye shi wani abu?”

Akwai wani dattijo ɗan Haɗeja a cikinsu, sa'an mahaifina ne, tun kafin a haife ni yake jan mota. Washegari na same shi a benci wajen mai shayi, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, me nake yi ba daidai ba?” Ya daɗe yana juya shayinsa. Sannan ya ce abu biyu. Na farko, ina raba lodi da dare, bayan kowa ya riga ya ajiye motarsa inda ya samu, da safe sai a yi ta fama a fito. Na biyu, kuɗin hanya ba ya isowa sai mota ta kwana biyu a layi, mutum kuma ba zai zauna da yunwa ga dizal a tanki ba. Ashe ɓarnar da nake ta tsawa a kanta ni ne nake shuka ta. Muka mayar da rabon lodi zuwa la'asar, muka sa kuɗin hanya ya riga mota tashi, na ɗora wa mutum uku sa hannun da na riƙe ni kaɗai. Har shekarar ta ƙare babu direban da ya sake tafiya.

Ku lura, ranku ya daɗe, matar nan ba ta san yadda ake canza tayar tirela ba, ba ta taɓa shiga tashar Tin Can ba. Amsar tana garejina tun farko, a bakin mutumin da nake wucewa kullum da gaisuwar tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wani lokaci sai an samu wanda zai sa shi ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Wannan shi ne bambancin koci da sauran masu taimako, kuma ina so a fahimce shi don ana yawan cakuɗa su. Bita ita ce a tara mutum hamsin a otal, a yi musu jawabi kwana biyu, a raba jaka da takardar shaida. Tana da amfaninta, amma ran Litinin kowa ya koma halinsa. Ƙwararren mai ba da shawara shi ne wanda za ka biya ya binciki kamfaninka ya rubuto maka abin yi. Ubangida shi ne wanda ya riga ka bin hanyar, yana ce maka “ni ga yadda na yi.” Koci kuwa ya fi kama da mai sauraron hadda. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi: ba ya karanta maka, ba ya karɓe allon. Yana zaune yana ji, in ka kakare ya bar ka ka lalubo, in ka tsallake aya ya ce “koma baya.” Karatun naka ne, a ƙirjinka yake, shi aikinsa ya tabbata ya fito daidai kuma ya zauna. Haka koci yake: a tsayar da manufa tun farko, a riƙa zama a kan lokaci, a fita kowane zama da abu ɗaya ko biyu da mutum ya ɗaukar wa kansa, a dawo a tambaye shi ya yi ko bai yi ba, in bai yi ba me ya tare shi.

Sana'ar a sigarta ta yau daga filin wasa ta fito. Wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya lura a shekarun 1970 cewa yawan “yi kaza, bar kaza” yana ƙara rikita ɗan wasa. Ya ce abin da mutum ke iya fitarwa shi ne baiwarsa bayan an debe abin da ke yi mata katsalandan, kamar tsoro da shakka da muryar da ke cikinsa tana ce masa zai kasa. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, tsohon ɗan tseren mota, ya ɗauki wannan tunani ya kai shi kamfanoni, ya fitar da littafi a kansa a 1992. Tsarin da ya yaɗa, wanda ake kira GROW, tambayoyi huɗu ne kawai: ina kake son kaiwa, ina kake yanzu a gaskiya, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. Da na fara jin wannan sai na tuna abin da malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai tura Mu'azu ɗan Jabal Yaman. Tambayarsa ya yi: da me za ka yi hukunci? In ba ka samu a nan ba fa? In ba ka samu a can ba fa? Aka bar wanda za a tura ya fito da amsar da bakinsa kafin ya kama hanya. Mu ne ya kamata mu fi kowa gane darajar koyarwa ta hanyar tambaya.

Inda na fi ganin buƙatar koci shi ne a kan mutanen tsakiya: sufabaiza, manajan shago, mai kula da sito, babban yaron rumfa. Kusan kullum wanda ya fi iya aikin hannu ake ɗagawa, sai a yi asara biyu, a rasa gwanin ma'aikaci a samu shugaba mai rauni. Kamfanin Google da kansa ya yi bincike a cikin gidansa tun daga 2008 kan abin da ke bambanta manajan kirki da wanda ba shi ba. A jerin halaye takwas da suka fitar, iya zama koci ga na ƙasa da kai shi ne na farko, ƙwarewar fasaha ita ce ta ƙarshe. In kamfanin injiniyoyi ya gano haka, ina ga mu da dukiyarmu duk a hannun mutane take, direba da dillali da kashiya?

Akwai kuma wani ciwo da ya keɓanta da 'ya'yanmu masu aikin ofis, wanda na daɗe ina kallo yana ci mini rai. Mun tarbiyyantar da su da kunya da kara, kuma ba na nadamar haka. Yaronmu ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse magana, ba ya yabon kansa, in an ce “akwai mai magana?” sai ya jira manya su gama. A gida wannan ado ne. A ɗakin taro a Marina kuwa, ana karanta shi a matsayin rashin sani ko rashin kuzari. Wata ƙanwata ta wajen uwa, mai digiri a fannin lissafin kuɗi, ta yi shekara huɗu a kujera ɗaya a wani banki. Ita ke haɗa rahoton da wasu ke tashi su gabatar. Duk ƙarshen shekara sai a rubuta mata cewa aikinta yana da kyau amma ba ta nuna alamar shugabanci. Ta kusa ajiye aikin ta koma Zariya. Da ta samu koci, ba a ce mata ta zubar da kunyarta ba, ba a ce ta koyi ɗaga murya ba. An tambaye ta ne: a ina kike magana ba tare da fargaba ba? Ta ce a rubuce, da kuma in an tambaye ta kai tsaye. Daga nan ita da kanta ta tsara: ta riƙa tura bayaninta ga shugaban sashe kwana ɗaya kafin taro, ta roƙi a ba ta minti biyar a cikin ajanda, ta daina cewa “an yi” a kan abin da ita ta yi. Hijabinta yana nan, ladabinta yana nan. Yau mutum tara ne a ƙarƙashinta.

Amma ta gaya mini wani abu da ni ma na ji a jikina. Akwai maganganun da ba sa fita da Turanci. Yaya za ka bayyana wa wanda bai tashi cikinmu ba cewa ba za ka iya tsawata wa ma'aikacinka ba domin surukin yayanka ne? Ko cewa wanda ke ƙarƙashinka shi ke jan ku sallah a masallacin ma'aikata? Ko nauyin da ke kan mai albashi ɗaya da gida uku ke jira a ƙauye? Kocina ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata, amma rabin wasu zaman ya tafi wajen fassara mata rayuwarmu. Muna buƙatar koci masu jin Hausa, maza da mata, waɗanda suka san kara, suka san zumunci, suka kuma san lissafin kamfani.

Yanzu zan taɓo inda ya fi nauyi, kuma ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Ku ma kanku kuna buƙata. Babba ya fi kowa kaɗaici a wurin aiki. Duk wanda ke kewaye da Alhaji yana cin abinci a hannunsa, don haka abin da yake ji daga safe zuwa dare shi ne “haka ne, ranka ya daɗe.” Wa zai tambaye shi me ya sa har yau lissafin kamfani yake cikin kansa da ɗan littafin aljihu? Wa zai tambaye shi wa zai sa hannu a banki in ya tafi Umara ya kwanta ciwo a can? Dukkanmu mun san gidaje a Agege da a da tireloli ke layi a ƙofarsu, yau sai labari. An yi sadakar bakwai, an raba gado, motoci suka zama kwangiri a gareji, yaran gida suka watse, domin ba wanda aka taɓa bari ya yanke shawara maigida yana raye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku dubi gidan Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955: 'ya'yansa sun riƙe, jikoki sun ɗora. Aliko Dangote a hannun kakansa Sanusi Dantata ya tashi, ya fara nasa kasuwancin a 1977, ga shi a watan Mayun 2023 an ƙaddamar da matatarsa a Ibeju-Lekki mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Jari kaɗai ba ya yin wannan tafiyar, sai an gina mutum bayan mutum. Zama da koci wuri ne da babba zai iya cewa “ban sani ba” ko “ina tsoron miƙa wa ɗana” ba tare da girmansa ya zube ba, domin wanda yake gaya wa ba yaronsa ba ne, ba abokin hamayyarsa ba ne, ba kuma mai jiran gadonsa ba ne.

Na san za a ce kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kowa yana ƙirga kwabonsa, ga mafi ƙarancin albashi a Legas ya koma naira 85,000 a 2024. Gaskiya ne, koci mai inganci ba shi da araha. Amma ku lissafa abin da kwantena ɗaya ke ci in ta yi mako a tasha ana caji, ko motar tumatir da ta taso daga Kano ta ruɓe saboda yara biyu ba sa ga maciji da juna kuma ba wanda ya sasanta su, ko watannin da sabon ma'aikaci ke ɗauka kafin ya kai wanda ya tafi. Wannan asarar muna biyanta kullum, kawai dai ba ta da rasit ne. Sannan masu kamfanoni masu rajista su tuna da asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa a Jos. Kamfanin da dokar ta hau kansa yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsa na shekara, kuma doka ta ba da damar a mayar masa har rabin abin da ya biya in ya nuna ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idar asusun. A tura akanta ofishinsu ya tambayo yadda za a shigar da irin wannan horo cikin tsarin shekara. Mai ƙaramar harka kuma ba sai ya ɗauki koci shi kaɗai ba, masu rumfa biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi a riƙa zama da manyan yaransu a rukuni.

Sai dai a yi hattara, kasuwar cike take da 'yan damfara. Duk wanda ya sayi kwat ya buɗe shafi a Instagram ko TikTok zai iya kiran kansa koci. Wanda ya yi muku alkawarin ninka riba cikin wata guda, ku sallame shi. Wanda ya cika zaman da labarin nasarorinsa, mai jawabi ne ba koci ba. Akwai ƙungiyar koci ta duniya, ICF, da aka kafa a 1995, tana da reshe a Najeriya. Matakinta na farko yana buƙatar awa 60 na karatu da awa 100 na zama da mutane, na biyu awa 125 da awa 500, na ƙoli awa 200 da awa 2,500. Takarda ba ita ce komai ba, amma ku tambaya a nuna muku, ku tambayi waɗanda ya yi wa aiki, ku kuma bar wanda za a horar ya fara zama da shi sau ɗaya ya ga ko jininsu ya haɗu.

Abu ɗaya kuma in aka karya shi, an zubar da kuɗi: amana. Kamfani ne ke biya, kuma yana da haƙƙin a zauna da shi a tsayar da manufa tun farko, a kuma duba a ƙarshe ko an ga sauyi. Amma abin da aka faɗa a cikin ɗaki sirri ne tsakanin mutum biyu. Ranar da maigida ya ja koci gefe ya ce “me yaron nan yake faɗa a kaina?”, ranar ya mayar da shi ɗan rahoto, ba kuma wanda zai sake buɗe baki. Kada kuma a ɗauko koci don a wanke hannu daga wanda an riga an yanke shawarar kora. Kada a ɗauko shi ya lallashi mutumin da ke bin kamfani albashin wata uku, wannan haƙƙi ne, biya ake yi. In ya ga damuwar mutum ta kai ta asibiti, aikinsa ya tura shi wajen likita, ba ya riƙe shi ba.

Roƙona gare ku, iyayena, bai fi ƙarfinku ba. Ƙungiyoyinmu suna tara kuɗi don gyaran masallaci, don kai gawa gida, don belin wanda aka kama ba gaira ba dalili, kuma Allah ya saka da alheri. A buɗe wa wannan ma ƙofa. A zaɓo mutum goma daga cikinmu, aƙalla huɗu mata, waɗanda suka yi shekaru suna aiki kuma aka san su da riƙon sirri, a biya musu karatun koci har su samu shaidar matakin farko, da sharaɗin kowannensu zai ba al'umma wasu awoyi kyauta a shekara biyu na farko. Muna da tsofaffin manajojin banki da jami'an kwastan da malaman makaranta da suka yi ritaya suna zaune a Agege da Obalende, kansu cike da gogewa, babu mai tambayarsu. Kowane mai kamfani kuma ya fara da mutum biyu daga cikin na tsakiyarsa, wata shida, ya rubuta tun farko abin da yake son gani, yawan masu barin aiki ne, ko ɓatan kaya, ko jinkirin lodi, sannan ya auna da idonsa. Yayyenmu da ke manyan kujeru, in kamfaninku yana da irin wannan tsari, ku duba jerin waɗanda ake turawa, ku tabbata sunan yaranmu yana ciki, domin su ba za su nema da bakinsu ba.

Wanda duk wannan ya yi masa nisa, akwai abin da zai fara ran Asabar mai zuwa ba tare da kwabo ba. Ya kira babban yaronsa, ya kashe waya, ya ba shi minti ashirin, ya tambaye shi me ya fi ba shi wahala a makon nan da kuma me yake ganin za a yi, sannan ya danne zuciyarsa ya yi shiru har yaron ya gama. Makon farko zai ce “ba komai, Alhaji.” Na biyu ma haka. A ci gaba da kiransa.

In kun ga dacewar a sa maganar nan cikin ajandar taronku na gaba, a aiko mini ta hannun limamin unguwarmu. Zan zo in zauna a ƙasa in yi bayani da Hausa, in amsa duk tambayar da kuke da ita. Na kuma roƙi Baba ɗan Haɗeja ya raka ni, ya ce in ba ya kan hanya ranar, zai zo ya faɗi nasa ɓangaren da bakinsa.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
ma'aikacin sufuri a Apapa, mazaunin Agege.